Kundin hotuna a salula: Kafin a sa furanni, a fara rubuta suna da shekara

Duk mai zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa a Maradi da Tibiri da Jiratawa ya saba ganin irin wannan shafi. Ana gama ɗaurin aure ko raɗin suna ko walimar sauka, kafin a naɗe tabarmi wani yaro a gidan ya haɗa hotuna shida ko bakwai a fuska ɗaya, ya zagaye su da jajayen furanni da taurari masu ƙyalli, ya ɗora rubutu ruwan zinariya, ya watsa. A yi ta sa albarka, a yi ta turawa. Bayan shekara biyu, idan aka sake cin karo da shafin, da wuya a samu mai iya faɗin unguwar da aka yi taron, ko shekarar da aka yi shi, ko sunan tsohuwar da ke zaune daga gefe wadda fure ya rufe wa rabin fuska.

Yaran da ke wannan aiki ba su cancanci dariya ba. Da salula mai fasasshen gilashi da 'yar data kaɗan suka koya wa kansu abin da a da sai an je situdiyo a birni. Wasunsu ma sun fara cin abinci da shi, suna tsara katin biki da kalandar ango da amarya da allon sanarwar shaguna. Abin da suka rasa shi ne mai nuna musu cewa shafin hotuna yana da ƙa'idoji, kuma ƙa'idojin ba su da yawa. Babbarsu ita ce: shafi yana nan ne domin ya riƙe labari, ado kuwa mai rakiya ne. Wanda ya fara da ado ya manta da labari, ya yi wa dangi aikin kwana ɗaya ne kawai.

Sana'ar ta girmi salula

Manna hotuna da wasiƙu da yankakkun jaridu a cikin littafi, a rubuta bayani a ƙarƙashinsu, tsohuwar al'ada ce a Turai da Amurka. Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya yi rajistar mallakar wani littafi mai shafuka da aka riga aka shafa musu gam a 1873, domin mutum ya jiƙa kawai ya manna. Da kwamfuta ta zo, sai almakashi da gam suka koma cikin manhaja. Photoshop ta fito a 1990, Canva ta biyo baya daga Ostiraliya a 2013, yau kuma PicsArt da PixelLab da makamantansu suna cikin aljihun ɗan sakandare.

Misalin da ya fi kusa da gida yana Bamako. A shekarun 1960 da 1970, mai ɗaukar hoto Malick Sidibé yakan kwana yana zagaya bukukuwan samari da 'yan mata, ya koma shagonsa ya wanke hotunan ƙanana, ya jera su a kan kwalin fayil irin na ofis, ya ba kowane hoto lamba, ya rubuta sunan ƙungiyar da ta yi bikin da ranar da aka yi. Ya yi haka ne don masu saye su nuna lambar da suke so. Babu fure ko ɗaya a kwalayen. Amma saboda suna da kwanan watan da ke jikinsu, yau masana tarihi suna karanta rayuwar Bamako ta wancan zamani daga gare su, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Banis a Italiya. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar dare ta babban birnin a daidai waɗannan shekaru, hotunansa kuma sun zama shaidar zamanin.

Ƙasar Maradi tana da dalili na musamman na ɗaukar wannan darasi da gaske, domin ta san yadda ruwa ke cin tarihi. A 1945 ambaliyar Gulbin Maradi ta rusa tsohon garin da ke cikin kwari, har aka tayar da mutane zuwa tudun da birnin yake a yanzu. A daminar 2024 jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka da gidaje a faɗin Nijar. Idan ɗakin ƙasa ya rufta, ana ƙidaya buhunan hatsi da awaki da aka rasa. Ba a ƙidaya akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, inda hoton kaka na katin zama ɗan ƙasa yake, da hoton dawowar maigida daga Makka, da takardar sayen gona. Inda ruwa bai kai ba, gara da zafin Afrilu suna nasu aikin a hankali.

Salula ma ba akwatin amana ba ce. Ana sace ta a kasuwa, tana faɗawa rijiya, katin ajiyarta yana mutuwa ba sallama, mai gyara yana goge ta don ta farfaɗo. Abin da aka ɗora a sitatus kuwa awa 24 ne rayuwarsa. Iyalin da ke da hotuna dubu uku a waya ɗaya, ba suna ba tsari, ya fi kusa da asara fiye da tsohon da ke da hotuna goma a ambulan, kowanne da rubutu a bayansa.

Kalmomin da ke tsorata mai koyo

Matashin Jiratawa da ke son koyon tsara shafi yana tsakanin harsuna biyu da ba nasa ba. Salularsa tana magana da Faransanci. Yawancin bidiyoyin koyarwa na Hausa da yake samu a YouTube da TikTok daga Kano da Kaduna suke zuwa, masu su kuma da sunayen Ingilishi suke kiran maɓallan. Malamin ya ce a taɓa leya, shi kuwa abin da ke rubuce a wayarsa kalk ne. Ya ga kalmar da Faransawa ke kiran salon haruffa da ita, wato polis, ya rasa abin da ya kawo 'yan sanda cikin katin biki. Da yawa a nan suke karaya, su koma latsa duk abin da ya yi ƙyalli.

Alhali babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da Bahaushe bai san irinsa ba a gida ko a gona. Idan aka kira su da Hausa, rabin wahalar ta tafi.

Na farko shi ne shimfiɗa, wato launi ko zanen da ke can ƙasan komai. Aikinta ta ɗauki hotuna, kamar yadda tabarma ke ɗaukar baƙi. Shimfiɗar da ta cika zane tana jan ido daga fuskokin mutane, shi ya sa launi guda mai sanyi, kamar ruwan ƙasa ko ruwan toka ko fari mai ɗan duhu, ya fi dacewa da mai farawa. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗebo launin daga cikin hoton kansa, daga rawanin dattijo ko daga atamfar uwar biki.

Na biyu shi ne falle, wanda bidiyoyin Kano ke kira leya, wayoyin Maradi kuma kalk. Ana gina shafi ne hawa-hawa kamar gyaran gado: tabarma a ƙasa, katifa a kanta, zanen gado a sama, matashi a kan zane. Ana iya ɗauke matashi ba tare da an taɓa katifa ba. Haka shimfiɗa take a falle ɗaya, kowane hoto a nasa, rubutu a nasa. Wanda ya gane wannan ba zai sake rushe aikin awa biyu don gyara harafi guda ba. Photoshop ta shigo da wannan tsari a 1994, kuma kusan duk manhajojin yau a kansa suke tafiya. Sai dai a sani, da zarar an fitar da shafi a matsayin hoto, fallayen sun manne sun zama ɗaya. Don haka a riƙa ajiye kwafi biyu: wanda ake iya gyarawa a cikin manhaja, da wanda aka fitar don rabawa.

Na uku shi ne zubi, wanda ake kira tamfilet ko model. Shafi ne da wani ya riga ya tsara, ya bar gurabe a saka hotuna, kamar abin buga bulo da ke ba kowane tubali girma ɗaya. Ba abin kunya ba ne mai koyo ya fara da shi. Matsalar ita ce yawancin zubin da ke intanet an yi su ne don wasu ƙasashe, da dusar ƙanƙara da ganyen kaka na Turai da balan-balan. Akwai kuma matsalar girma. Masu wannan sana'a a Amurka sun fi amfani da shafi mai kusurwa huɗu daidai, inci 12 tsawo inci 12 faɗi, kimanin santimita 30 da rabi kowane gefe. Takardar da shagunan buga takardu na Maradi suka fi amfani da ita kuwa A4 ce, milimita 210 da 297. Wanda ya tsara a kan ma'aunin Amurka ya kai shago, ko dai a datse masa kawunan mutane ko a bar masa farin fili sama da ƙasa. Tun kafin a saka hoto na farko ake zaɓen girman takarda.

Na huɗu shi ne babban hoto. A hawan sallah, ko a Maradi ko a Tibiri, dawaki suna da yawa, amma ido yana zuwa ne kai tsaye inda laima take. Shafi ma yana buƙatar wurin da ido zai fara sauka. Hoto ɗaya ya fi sauran girma, biyu ko uku su raka shi. Idan hotuna tara suka zo da girma ɗaya, kowanne yana neman a kalle shi, ba wanda ake kallo. Sauran hotunan ba a zubar da su, shafi na gaba ake buɗe musu.

Na biyar shi ne sahu da tazara. Duk wanda ya taɓa shiga filin noman rani na Jiratawa, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 a bakin gulbi, ya ga yadda fangalolin zogale da barkono da masara suke a jere, magudanan ruwa suna ratsa su a miƙe. Manomi ba don kyau yake haka ba, yana yi ne don ruwa ya san hanyarsa. Ido ma hanya yake nema. Gefen hotuna su daidaita da juna, tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya. Manhajoji suna da layukan awo da ke bayyana lokacin aiki su ɓace lokacin fitarwa, kuma kunna su bai fi taɓawa biyu ba.

Na shida shi ne sarari, wato wurin da aka bari ba komai. Mai farawa yana ganin fili kamar asara ce, sai ya cusa masa tauraro. Amma gidan da aka gine shi kaf ba tsakar gida, ba mai iya numfashi a cikinsa. A bar aƙalla santimita ɗaya a kowane gefen takarda ba rubutu ba fuska, domin wuƙar mai yanka ba ta cika bin layi daidai ba. Idan ana son launin shimfiɗa ya kai har bakin takarda, masu ɗab'i suna neman a ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe, wadda za a yanke a zubar.

Sai kayan ado, su furanni da firam da inuwar da ake sa wa hoto don ya yi kamar an ɗora shi a kan takarda. A nan marubutan Alƙur'ani na ƙasar Hausa sun riga kowa sanin ƙa'ida. Baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasula ce, rawaya ta hamza ce, zayyana kuma tana da wurinta, ba ta hawa kan aya. Kowane launi da aikinsa. Shafin hotuna da ya wuce launi uku da salon haruffa biyu ya fara hayaniya. Adon da ya taɓa fuskar mutum ko ya rufe rubutu, a cire shi.

Rubutun shi ne kundin

Duk abubuwan da aka lissafa ana iya koyonsu cikin mako guda. Wanda ake tsallakewa, kuma shi ne ya fi tsada, shi ne bayani: layi uku ko huɗu da ke faɗin su wa ke cikin hoton daga dama zuwa hagu, a ina, yaushe, kuma me ya tara su. Addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya tana da kyau a shafin aure, amma ba ta gaya wa jikan da za a haifa nan da shekara talatin cewa wannan kakarsa ce ta wajen uwa, kuma daga Tibiri aka kawo ta.

Bayani ba ya samuwa a intanet. Yana bakin tsofaffin gida, kuma kullum raguwa suke. Tsohuwa ba lallai ta riƙe shekarar miladiyya ba, amma za ta ce zamanin Diori ne, ko zamanin Kunce, ko shekarar yunwar El Buhari, ko bayan an karya darajar sefa. Wannan ya isa a kusanto. Mulkin Diori Hamani ya kama daga 1960 zuwa 1974, na Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, yunwar ta faɗo a 1984 zuwa 1985, karyewar sefa kuma a Janairun 1994. Idan ba a tabbatar da shekara ba, a rubuta "wajen 1985", kada a ƙirƙiro rana. Idan an san watan Musulunci, a sa shi tare da na bature, domin da shi mutanen gida ke tuna azumi da layya da tafiyar alhazai.

Wanda zai ɗauki tsohon hoton takarda da salula ya shimfiɗa shi a inuwa mai haske, ya kashe fitilar kyamara, ya riƙe wayar a saitin hoton ba a karkace ba. Sa'an nan ya juya ya ɗauki bayansa. Sau da yawa a nan hatimin situdiyo yake, da sunan gari, wani lokaci har da kwanan wata ko rubutun ajami na mai hoton.

Akwai kuma batun haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutu masu ƙawa da ke cikin manhajoji ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ko dai su nuna ɗan akwati a wurin harafin, ko mai tsarawa ya gaji ya rubuta k da d da b. A nan ne ɗaurin aure ke komawa daurin aure, alhali dauri maganin jarirai ne, ƙasa kuma ta koma kasa. Maganin yana nan kyauta. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, sannan salon haruffa na Noto daga Google da Charis da Andika daga cibiyar SIL duk suna ɗauke da waɗannan haruffa. Kafin a zaɓi salo, a gwada rubuta "ƙauyen ɗan ɓaure" a gani ko ya fito daidai.

Abin da ya yi kyau a waya ya dagule a takarda

Ƙorafin da masu shagunan wanke hoto suka fi sha shi ne hoto ya fito dishi-dishi. Galibi ba laifin na'urarsu ba ne. Hoton salula an gina shi ne da ƙananan ɗigo da ake kira fiksel, kuma takarda tana buƙatar kimanin ɗigo 300 a kowane inci kafin fuska ta fito tas. Ma'ana, hoto mai girman santimita 10 da 15 yana son fiksel wajen 1200 da 1800, cikakken shafin A4 kuma 2480 da 3508. Kyamarar waya ta yau tana ba da fiye da haka. Amma idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi don rage cin data, wanda aka ɗauko daga sitatus ta hanyar ɗaukar hoton fuskar waya kuwa ya fi lalacewa. Hoton da za a buga a tura shi a matsayin fayil, ko a karɓe shi da waya ta kebul daga wanda ya ɗauka.

Nau'in fayil ma yana da tasiri. JPEG ya dace da hotuna, amma duk lokacin da aka gyara aka sake ajiye shi yana ɗan rasa inganci. PNG yana iya riƙe ado ba tare da farin akwati a bayansa ba. PDF ya fi dacewa da kai wa mai ɗab'i, domin rubutu ba ya gocewa. Launi kuma kullum ya fi haske a fuskar waya fiye da a takarda, saboda waya da haske take nuna shi, takarda da tawada. Mai hankali yana buga shafi ɗaya na gwaji kafin ya biya kuɗin ashirin.

Bayan haka sai ajiya. Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai gari, sai sha'anin da aka yi, ta yadda fayilolin za su jera kansu. Kwafi ɗaya a waya, ɗaya a katin ajiya ko filas da ke wani gida daban, ɗaya a intanet, inda asusun Google ke ba da gigabayit 15 kyauta. Shafukan da suka fi daraja kuma a buga su. Takarda ba ta neman caji.

Gaskiyar fuska da izinin mai ita

Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa wadda ta fi yawan furanni illa. Ana ɗaukar hoton dattijo a saka shi cikin manhajar da ke gyara fuska da ƙirƙirarriyar basira, ta goge masa tsagar gado, ta haskaka fatarsa, ta daidaita masa haƙora. A cire bangon ƙasa da rumbun da ke bayansa, a sa masa benen Dubai. Abin da ya fito ba kakan kowa ba ne. Tsagar Gobirawa ko ta Katsinawa da ke kuncinsa ita ce takardar asalinsa, rumbun da jar akuyar da ke bayansa kuma su ne za su gaya wa na baya yadda gidan yake. Ana iya share ƙura da tabon ruwa daga hoto. Sauya kamannin mutum kuwa ƙarya ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Duk gyaran da za a yi, a ajiye na asali ba a taɓa shi ba.

Izini ma wajibi ne. Hoton da matan gida suka ɗauka a tsakaninsu ranar ƙunshi ba na zauren unguwa ba ne, kuma an san yadda hoto guda da ya fita ba da sani ba ke jawo rigima a gidan aure. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma tun kafin doka tarbiyya ta riga ta hana. Mai tsara wa mutane shafi don kuɗi bai da hurumin ɗora aikin a Facebook don tallar kansa sai masu hoton sun yarda. Takardun gona da katin shaida kuwa kundin cikin gida ne wurinsu.

Masu ganin abin bai kai ba

Za a samu mai cewa a lokacin da ake fama da tsadar hatsi da rashin tsaro a kan iyakar Madarunfa, maganar tsara hotuna maganar ƙoshi ce. Za a ƙara da cewa data tana da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma ba a manta da watannin da Najeriya ta yanke lantarki daga Agustan 2023 ba. Duk gaskiya ne. Sai dai matasan sun riga sun shiga aikin, suna kashe data da cajin ko an koya musu ko ba a koya ba. Rubuta suna da shekara ba ya ƙara ko dala a kan kuɗin da ake kashewa. Wanda kuma ya iya sahu da sarari da ma'aunin ɗab'i, shi ne zai iya tsara takardar da za a manna a ledar garin zogalen da matan Jiratawa ke sayarwa, ko sanarwar rigakafi ta gidan likita. Hannu ɗaya ne ke yin duka. Sannan iyalan da rashin tsaro ko ambaliya ta raba da gidajensu su ne suka fi kowa sanin darajar hoton da ya tsira.

Akwai kuma gidajen da ba sa son hoton mutane saboda fahimtarsu ta addini, kuma wannan abin girmamawa ne. Kundi ba dole sai da fuska ba. Allon saukar yaro, da wasiƙar da uba ya aiko daga ci-rani, da garmar kaka, da ƙofar gidan kafin a sake gini, da jerin sunayen zuriya, duk suna cika shafi su riƙe tarihi.

Abin da ake buƙata daga hukumomi ba shi da yawa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da cibiyoyin koyon sana'a na jihar suna iya shirya horon kwana biyu ko uku da Hausa, a kan salular da matasa ke riƙe da ita, ba sai an jira ɗakin kwamfuta ba. Gidajen rediyo da masu koyar da aikin jarida, har da makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, suna iya zama da malaman Hausa su tsayar da kalmomi ashirin na wannan fanni, don mai koyo a Maradi da mai koyarwa a Kano su fahimci juna. Ma'aikatar magajin garin Jiratawa da ƙungiyoyin manoman filin noman rani suna iya kiran a kawo tsofaffin hotunan aikin tun farkonsa, a ɗauka a mayar wa masu su a ranar. Fadar Katsinan Maradi da ta Gobir a Tibiri, wadda aka kafa tun 1836, suna da hotunan sarakuna da naɗe-naɗe da ya kamata a rubuta sunayen mutanen cikinsu tun masu ganewa suna raye. Haka ma masoya kokawa, da ke tuna cewa Kantu na Maradi ne ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, za su so ganin hotunan 'yan kokawar jihar da suna da shekara.

Amma aikin ba ya jiran kowace hukuma. Matashin da ya iya haɗa hotuna bakwai cikin minti goma yana iya ɗaukar hoto guda daga akwatin ƙarfe, ya zauna gaban kakarsa bayan la'asar, ya tambaye ta su wane ne waɗannan, ya rubuta abin da ta faɗa harafi da harafi. Furannin suna nan cikin manhaja, ko shekara nawa aka yi za a same su. Tsohuwar da ta san sunayen ce ba ta da tabbacin kaiwa damina mai zuwa.